Maganin amai da wuyan 'yata

A unguwarmu Dakta ake kirana, kuma na gaji da yi wa mutane bayanin cewa digirina na uku ba na aikin likita ba ne. Maƙwabta kan kawo mini takardar asibiti in karanta musu, wata rana ma har da hoton ƙashi, in ɗaga shi sama in duba kamar na san abin da nake kallo, sannan in ce su koma wurin wanda ya rubuta. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san cewa abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a gidan da uba yake koyarwa a jami'a, uwa kuma ta yi karatunta daidai gwargwado. Duk da haka sai da muka sa wa 'yarmu abin da ya kusa haukatar da mu a baki, da hannunmu, muna lallashinta tana ƙi.

Lokacin bazara ne, ana tsakiyar zafin watan Maris. Yarinyar tana da shekara uku, ta kwana tana amai da gudawa. Ina da aji ƙarfe takwas na safe, sai na ce wa mai ɗakina ta aika kemis ɗin bakin layi a karɓo abin da zai tsayar da aman, idan na dawo mu je asibiti. Mai kemis ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi farare da ya yanko daga jikin kati, ya ce a ba ta rabi sau uku a rana. Aman ya tsaya, maganar asibiti kuma ta bi ruwa. Washegari bayan la'asar ina ofis wayata ta yi ƙara. Mai ɗakina ce, muryarta na rawa: "Malam, ka zo yanzu, wuyanta ya juya."

Na iske yarinyar a cinyar mahaifiyata. Kanta ya karkace baya ta gefen hagu, idanunta sun kafe sama sai farin kaɗai ake gani, harshe ya zaro, haɓa ta ƙage. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tana jin mu. Idan na kira sunanta sai hawaye su zubo, ta yi ƙoƙarin dubana ta kasa. Hajiya tana tofa mata addu'a, ta riga ta aika a kira malamin da ke yin ruƙiyya a masallacinmu, domin a ganinta wannan aikin iska ne, yarinyar ta fita tsakar gida da almuru ba a rufe mata kai ba. Ni kuwa zuciyata sanƙarau ta tafi, saboda lokacinsa ne, kuma duk ɗan Arewa ya san abin da sanƙarewar wuya take nufi a bazara. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a ci gaba da addu'ar a mota." Ba ta ji daɗi ba, amma ta ɗauki mayafinta.

Likitar da ta karɓe mu matashiya ce, ban fi ta da ƙasa da shekara goma sha biyar ba. Ta taɓa jikin yarinyar ta ji ba zazzaɓi, ta duba idanunta, ta yi mata magana ta ga tana fahimta. Tambayarta ta farko ita ce: "Wane magani kuka ba ta tun jiya?" Allah Ya taimake mu mai ɗakina ta jefa guntun katin a jaka. Rabin sunan ne ya rage a jikinsa, amma ya ishi likitar. Ta sa aka yi wa yarinyar allura guda, kafin minti ashirin wuyan ya saki, idanu suka dawo, ta ce tana son ruwa. Aka riƙe mu kwana ɗaya saboda abin yakan dawo kafin maganin ya gama fita daga jiki. Hajiya ta dubi likitar ta ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka," sannan ta juyo gare ni ta ƙara da cewa ai addu'ar ma ta yi aikinta. Ban yi musu ba.

Maganin shi ne metokulofuramaid, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunan Maxolon. Halastaccen magani ne, asibitoci na amfani da shi, kuma wanda aka ba mu ba jabu ba ne. Yana hana amai ne ta hanyar toshe aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, sai dai wannan sinadarin yana da hannu wajen daidaita motsin tsokoki, shi ya sa idan aka toshe shi fiye da kima sai tsokar wuya da ta ido da ta harshe su ɗaure. Yara da matasa sun fi manya saurin gamuwa da wannan. Tun a 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta hana a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ta kuma taƙaita ba wa sauran yara sai a wasu 'yan yanayi, kamar bayan tiyata ko maganin ciwon daji, idan wasu magungunan sun gaza. Aman da ke tare da gudawa ba ya cikin waɗannan. Ko da za a bayar, da nauyin yaro ake aunawa. 'Yata kilo 13 gare ta a lokacin, abin da ya dace da ita bai wuce miligiram 2 ba, rabin ƙwayar da muke ba ta kuwa miligiram 5 ne. Sau biyar muka ba ta. Abin da take buƙata tun farko shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, kurɓi-kurɓi, da ƙwayar zinki, waɗanda kuɗinsu bai kai na abin da muka saya ba.

Da labarin ya tsaya nan da ban rubuta shi ba. Abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. Mai ɗakina ta yanke hulɗa da magani baki ɗaya. Ko farasitamol ne sai an yi da gaske. Da damina ta faɗi, ma'aikatan da ke bi gida-gida suna raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suka zo, ta karɓa ta yi musu godiya, ta ce za ta bayar idan yarinyar ta tashi daga barci, ta jefa shi a bayan durowa. Sai a watan Satumba na gani, kati uku ba a ɓalle ko ɗaya ba. A makon ne kuma yarinyar ta kwanta da zazzaɓi, aka gwada jini aka ga na sauro ne. Ta warke, alhamdu lillahi, amma ranar mun yi maganar da ba mu taɓa yin irinta ba tun aurenmu. Na ce mata tana wasa da ran yarinya. Ta ce, "Malam, wancan ma kai ka ce a karɓo." Na rasa amsa, domin gaskiya ta faɗa.

Na daɗe ina tunanin wannan amsa tata. Mu 'yan boko muna da saurin kiran tsoron iyaye mata jahilci, alhali tsoron yana da tarihi, kuma tarihin ba a nesa yake ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma kafin Kano ta dawo da rigakafin a 2004 cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a waɗancan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan kekunansu a bakin danja.

Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 kuma aka yi abin da ya fi kusa da kowane gida. Wani maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya kashe yara aƙalla 84 bisa ƙididdigar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. An haɗa shi da dayitilin gilaikol, sinadarin masana'antu mai ɗan zaƙi da ake samu a ruwan birkin mota da makamantansa, wanda ke kashe ƙoda. Yaro zai fara amai, fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai. Wannan guba ce dai ta sake bayyana a Gambiya a 2022 cikin magungunan tari da mura guda huɗu da aka shigo da su daga Indiya, yara kusan 70 suka tafi. Uwar da ta san waɗannan labarai, ko da a bakin maƙwabciya ta ji su, idan ta tsaya tana juya kwalba a hannu kafin ta buɗe, ba ni da bakin da zan ce mata ba ta waye ba.

Abin da nake ganin ya kamata a taimaka wa iyaye su rarrabe shi ne cewa waɗannan labarai ba iri ɗaya ba ne, ko da yake tsoro ɗaya suke haifarwa. My Pikin guba ce a kwalbar magani, laifin mai haɗawa ne da mai sa ido. Abin da ya sami 'yata magani ne na gaskiya da aka ba wanda bai dace ba, a ma'aunin da bai dace ba. Akwai kuma illar da magani kan yi ko da likita ne ya rubuta shi daidai, kuma mafi yawanta ƙarama ce mai wucewa. Amoksisilin yakan sa bayan gida ya yi laushi. Maganin ƙarin jini yakan mayar da bayan gida baƙi. Zinki yakan tayar da zuciya idan ciki ba komai. Maganin tarin fuka na rifamfisin yakan mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo. Allurar rigakafin jarirai takan kawo ɗan zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Duk wannan idan an gaya wa uwa tun kafin ta bar asibiti, za ta gani ta ce ai an faɗa mini. Idan ba a gaya mata ba, za ta dakatar da maganin a rana ta biyu, ta gaya wa matan gidan suna cewa ya ɓata wa ɗanta ciki, su ma su kiyaye shi.

Wasu alamun kuwa ba a kwana da su a gida. Kumburin fuska ko leɓe tare da wahalar numfashi, borin jini da ya game jiki, ƙurajen da ke zuwa da gyambo a baki da ido har fata ta fara saluɓewa, fitsarin da ya koma kalar baƙin shayi, idon da ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, ɗaukewar fitsari, barcin da ake tashin yaro ya kasa farkawa, ko ɗaurewar wuya irin ta 'yata. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu bayan an fara magani, ya dakatar, ya ɗauki yaron da maganin da kwalinsa ya nufi asibiti. Saluɓewar fatar nan ba kasafai take faruwa ba, amma an san ta da magungunan dangin salfa irin su Septrin da Fansidar. Maganin rigakafin daminar da mai ɗakina ta ɓoye yana ɗauke da irin wannan sinadari tare da amodiyakwin, shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce mai rabawa ya tambaya ko yaron ya taɓa samun matsala da waɗannan magunguna, ko yana shan Septrin a halin yanzu, ko ba shi da lafiya, kuma a ba da na ranar farko a gabansa. A gidanmu ba a yi tambayar ba, ba a kuma jira an ga ta sha ba. Da an tsaya minti uku an saurari mai ɗakina, an gaya mata cewa wannan ba dangin wancan ba ne, ina kyautata zaton da ta bayar.

Kuma rashin bayarwar ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafi tun 2012 domin yara daga wata 3 zuwa wata 59 a yankinmu na Sahel, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100 a lokacin damina. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Illar maganin da aka fi gani ita ce amai da ɗan ciwon ciki. Uwar da ta ɓoye katin ta kauce wa ƙaramin haɗari ta tari babba, sai dai shi babban ba ta jin nauyinsa kamar na farkon, domin idan sauro ya kwantar da yaro kowa zai ce Allah Ya sawwaƙe, idan kuwa magani ne ya kwantar da shi za a tambayi wanda ya ba shi.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi a gida ba tare da taimakon kowa ba. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ake ba wa kowane kilo na nauyin yaro, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana, amma gidaje nawa ne suka san nauyin ɗansu? Cokalin da takarda take nufi mililita 5 ne, cokulan kicin ɗinmu kuwa kowanne da girmansa. Na ɗigawa da ake yi wa jarirai ya fi na cokali ƙarfi nesa ba kusa ba, wanda ya auna shi da cokali ya ninka ma'auni sau da yawa. Magungunan mura da dama akwai farasitamol a cikinsu, sai uwa ta ba da su ta kuma ƙara da farasitamol ɗin kansa, hanta ce ke biyan bashin. Na sha ganin ana buɗe kafson ja da yalo a zuba wa yaro a koko saboda gudawa, alhali ba a ba wanda bai kai shekara takwas ba, domin yana rina haƙoran da ke tsirowa rinin da ba ya fita. Na taɓa zama a motar haya kusa da wata baiwar Allah da ta ɗura wa jaririnta Phenergan don ya yi barci har a isa, maganin da aka hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Asfirin ma ba na yara masu zazzaɓi ba ne. Sannan ga ƙaunar da muke yi wa allura, har wani ya ga idan ba a tsira wa ɗansa ba to ba a yi masa magani ba, alhali allurar ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba takan taɓa jijiya ƙafa ta shanye.

Uwar duka kuwa ita ce maganar haƙori. Yaro ya kama gudawa da zazzaɓi mai zafi, sai a ce haƙori ne, a nemo maganin haƙori. Fitowar haƙori takan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta kawo gudawar da ke zuƙe yaro. Abin da ke faruwa shi ne watannin fitowar haƙori su ne watannin rarrafe, da kai komai baki, da fara cin abinci. Wannan fahimta tamu ce ta buɗe wa My Pikin kasuwa, kuma har yau kwalaben da ke ɗauke da hoton jariri mai murmushi suna nan jere a kantoci.

Ina da ƙorafi a kan ma'aikatan lafiya, kuma zan faɗe shi duk da cewa ɗayarsu ce ta ceci 'yata. Na san layin da ke gaban likita a asibitin gwamnati, na san ba shi da minti goma ga kowane mutum. Amma jimla biyu ba sa cin minti goma: ga abin da za ki iya gani kada ki damu, ga abin da idan kin gani ki dawo. Takardar da ke cikin kwali da Turanci take, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ni kaina sai na sa tabarau na kuma buɗe ƙamus. Sau da yawa ma kwalin ba ya zuwa, sai ƙwayoyi a 'yar leda an ja layi uku da biro. Ƙasar da ta iya buga tallar taliya da ta katin waya da Hausa ba ta da uzurin kasa buga gargaɗin maganin yara da ita. Hukumar NAFDAC tana da takardar kai rahoton illar magani, ta kuma ƙaddamar da manhajar waya mai suna Med Safety a 2020 domin kowa ya iya kai rahoto da kansa. Na tambayi abokan aikina shida a ɗakin shan shayi, duk iyaye ne, babu wanda ya taɓa jin labarinta.

Yanzu a gidanmu akwai 'yar takarda da na manna a bayan katin rigakafin yarinyar, ɗauke da sunan maganin da ranar da abin ya faru, duk likitan da zai duba ta sai ya gani. Na sayo sirinjin aunawa na jefar da maganar cokali. Mai ɗakina ta koma ba da magani, da sharaɗin cewa ita za ta yi wa likita tambayoyinta da bakinta, kuma tana yi, har sai na ji kunya na taɓa ta.

Bayan mako biyu da sallamarmu na koma wurin mai kemis ɗin. Ban je da faɗa ba, yaro ne mai ladabi, yana bin mutanen unguwa bashi da yawa ba ya matsa musu, kuma da tsakar dare ma idan aka buga masa yakan buɗe. Lasisin irin shagonsa bai ba shi damar sayar da wannan magani ba tare da takardar likita ba, na gaya masa haka, na kuma kwatanta masa yadda wuyan yarinyar ya yi. Ya riƙe baki, ya yi salati, ya ba ni haƙuri har sau uku. Sannan ya ce, "Wallahi Dakta, shekara shida ina ba yara shi, ba wanda ya taɓa dawo mini da irin wannan magana." Na yarda da shi. Na tuna cewa ni ma da na makara da rabin sa'a, da malamin ruƙiyya ya riga ni isa gida, da an kwana ana karatu a kan yarinyar har maganin ya fita da kansa wuyan ya saki, da kuma har yau a gidanmu ana ba da labarin ranar da iska ta taɓa ta. Na tambaye shi ko yana da sikelin auna yara. Ya ce akwai wani a gida, zai kawo.